Wa Ya Kai Ƙarar Cukunmu?

Vale de Urzes,
Watan Nuwamba.

Zuwa ga ƙanwata Deolinda,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Valdemar da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a neman da ya kai ku Faransa, ya sauki 'yarki Lurdes lafiya idan lokacinta ya yi. Mu nan sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, gwiwar ce kawai ke damunta in gari ya yi sanyi, amma bakin nan lafiyarsa lau, jiya ma sai da ta wanke mai kawo burodi tas don ya makara. Zaitun ya yi 'ya'ya bana har rassan na neman taɓa ƙasa, sai dai ban san wanda zai kaɗe mana shi ba, don maigidana Abílio ko sanda ba ya iya ɗagawa da kyau.

Na san ranar da na kira ki kina wurin aiki na rikita ki. Na ce ku je asibiti dukanku, kika tambaye ni dalili, na yi ta kame-kame har layin ya yanke. Ki yi haƙuri, ni ma a lokacin ban gane ba, kuma har yau ba zan ce na gane duka ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta miki daga farko, ko ke da kike zaune a birni za ki fi ni fahimta.

Bayan tafiyarku daga bikin gari na watan Agusta, Abílio ya fara zazzaɓi. Wani irin zazzaɓi ne mai wayo, da safe ya tashi garau ya kora tumaki, da yamma jiki ya ɗau zafi, ya yi ta gumi har sai na canza zanin gado. Likitanmu na nan ya ce mura ce. Da bayansa ya fara ciwo muka je wani asibitin kuɗi a cikin gari, suka ɗauki hoton bayan, suka ce shekaru ne da wahalar aiki. Inna ta dafa masa duk ganyen da ke kan dutsen nan. Mutum yana ta ramewa har sai da na ƙara wa bel ɗinsa huda. Ranar da na same shi zaune a ƙasa cikin garke, tumaki na kewaye da shi ya kasa tashi, muka ɗauke shi sai babban asibiti. Suka ɗebi jini, suka ce mu koma gida za a neme mu.

Ba su riga sun neme mu ba, ko kuma sun kira waya ba ta shiga ba, kin dai san halin layin garin nan, sai ga wata farar mota a ƙofar gida. Wata mata ta fito, ta ce sunanta Likita Salomé, daga ofishin kula da lafiyar jama'a na yankinmu. Ta gaishe mu cikin ladabi, ta tambayi mai zazzaɓin Malta da jiki. Muka dubi juna. Ita ta zaci an riga an faɗa mana, mu kuwa daga bakinta muka fara jin sunan ciwon. Ta ce cuta ce da ke fitowa daga tumaki da awaki, tana bin ɗanyen madara da cukun da aka yi da madarar da ba a tafasa ba. Ta tambaya ko tumakinmu sun yi ɓari a bana, na ce wasu sun yi, amma wace shekara ce ba sa yi? Ta tambayi waɗanda na ba cuku lokacin biki. Deolinda, wa ban ba ba? Daga nan ta ce ba Abílio kaɗai ba ne, akwai wasu masu irin ciwon, a nan kusa da kuma can birnin Porto, kuma dukansu sun zo bikinmu.

Abílio yana jin haka ya miƙe zaune a kan gado. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, wani ne ya kai ƙararmu, kuma ya san ko wane ne. Kin san maƙwabcinmu Fulgêncio, da yadda suka shekara suna rigima kan kwamin ruwan da ke bakin makiyaya. Ya ce wannan mai kan kabewar ne, ya daɗe yana baƙin cikin yadda cukunmu ke ƙarewa a kasuwar Mogadouro nasa na nan zube. Likitar ta ce a'a, babu ɗan Adam ɗin da ya kawo ƙara. Wai akwai wasu cututtuka da idan ɗakin gwajin jini ya gano su, kwamfutar asibitin da kanta take aika labari zuwa kwamfutar ofishinsu, ba sai wani ya ɗaga waya ba. Ta ce a da takarda ake cikewa a aika, ta Porto ta tsaya a Porto, tamu ta tsaya a nan, ba mai haɗa su, amma yanzu an sa kwamfutocin suna jin yaren juna, shi ya sa ta ga sunayen sun jeru a gabanta. Inna ta ce oho, ashe yanzu har ƙarfe ya koyi gulma, an ƙwace wa matan bakin rijiya sana'arsu.

To daga nan ne kaina ya ɗaure. Na tambaye ta ko kwamfutar ce ta ce mata ina yin cuku, ta ce a'a, wannan ita ta bi mutanen ɗaya bayan ɗaya tana tambayarsu abin da suka ci. Na ce su waye, ta ce ba ta da ikon faɗa. Na ce to tana ganin aikin da aka yi min a ciki shekarun baya ke nan, ta ce wannan bai shafe ta ba, ba ya zuwa wurinta. Da na ambaci asibitin kuɗin nan da hoton bayan Abílio, sai ta yi mamaki, ta ce babu shi a abin da take gani, su tasu kwamfutar ba a haɗa ta ba, in ɗauko mata hoton a ambulan. Kafin ta tafi kuma ta tsaya a tsakar gida ta kira likitan dabbobi da wayarta, wai kwamfutarsu ta mutane ba ta magana da ta dabbobi. Ki duba min wannan al'amari. Abin da ya san ciwon wani a Porto bai san mijina ya je asibitin kuɗin da ke bayan tashar mota ba, kuma ciwon da ya fito daga tunkiya, ba shi da hanyar gaya wa mai duba tunkiya. Na rasa ko in ji tsoronsa don ya san komai, ko in ji haushinsa don bai san komai ba.

Abílio dai duk wannan bayani bai shige shi ba. Da ya ɗan ji ƙarfi, aka fara ba shi magani, ya lallaɓa har bakin katanga ya ƙare wa Fulgêncio tanadi, ya kira shi munafuki, ya ce ko gawarsa bai yarda ya raka ba. Shi kuma ya ce ai ba sai an hana shi ba, dama ranar yana da aski. Da yammacin ranar sai ga matarsa Ermelinda ta shigo lulluɓe da mayafi, ta rame kamar ba ita ba. Ta ce min, Graciete, ita ma tana cikin masu ciwon, ta ɓoye ne don kunya. Ta ce likitar ta tambaye ta cukun wa ta ci, ta ce nata da namu, don gaskiyar ke nan, ba ta san abin zai kai haka ba. Muka zauna a kicin muka yi kuka tare. Yanzu ki faɗa min, Abílio ya yi gaskiya ko bai yi ba? Daga gidansu maganar ta fita, amma ba ƙara aka kai ba, kuma ko da ta yi shiru, jinin Abílio ya riga ya faɗa. Da na gaya masa sai ya juya fuska bango, ya ce to shi yanzu wa zai yi fushi da shi.

Ga abin da ya shafe ku. Kun ci cukun nan a gidana, kun kuma tafi da wani. Na tambayi likitar ko labarin zai iso wa likitanku da kansa kamar yadda ya iso mata, ta ce kada in dogara da haka. Wai akwai ɗan abin da ke tsallake iyaka tsakanin wasu ƙasashe, kamar sunan maganin da mutum ke sha, amma wannan sai kun faɗa da bakinku. Don haka ki je ki ce kun ci cukun ɗanyen madara daga garken da aka samu zazzaɓin Malta, ki nemi a gwada jininku ko da ba wanda ke jin komai, don ciwon yana iya kwanciya watanni bai nuna kansa ba. Ki fara da Lurdes. Likitar ta nanata min cewa mai juna biyu ba ta jira, kuma maganinta daban ne. In akwai sauran cuku a firij ki zubar, kada Valdemar ya ce asara ce. Tun da na ji wannan ban yi barcin kirki ba, ina tuna yadda na riƙa tura wa yarinyar nan faranti ina cewa ta ci don jariri.

Likitan dabbobi ya zo ya ɗebi jinin garkenmu da na Fulgêncio, tunda makiyayarsu ɗaya, kuma ragonsa muka ara bara, shi ma ya ari namu shekarar da ta wuce ta. An samu ciwon a duka biyun. Kowannensu ya so a ce daga na ɗayan ya fara, likitan ya ce wannan ko shi bai sani ba, kuma babu na'urar da za ta faɗa. Fiye da rabin tumakinmu aka shafa wa jan fenti, alamar masu ciwon da za a kashe, har da farar nan mai baƙin kunne da kika shayar da kwalba. Ranar da babbar mota ta zo kwasarsu, Abílio ya hana ni taɓawa, ya ce shi zai loda kayansa. Ya kama ta farko, ta fizge, ya faɗi a kan gwiwoyinsa, ya kasa tashi. Ina tsaye ban san abin yi ba sai na ga Fulgêncio ya tsallako katanga. Bai yi sallama ba, bai dubi kowa ba. Ya ɗaga Abílio ya jingina shi da ƙyaure, ya shiga kama tumakin yana turawa cikin mota har aka gama. Da motar ta matsa ƙofar gidan Fulgêncio, Abílio ya bi ta a hankali yana dafa bango, ya je ya riƙe masa ƙofar garke. Da yamma na hango su zaune a kan kwamin ruwan nan, kowa yana kallon gabansa, sauran tumakin sun gauraya suna sha. Har yau ba su gaisa ba, amma kullum can suke zama.

Abílio yana samun sauƙi. Maganin na makonni ne, ɗaya daga ciki yana mayar da fitsari ja, ranar farko ya kira ni a gigice ya ce in aika a kira fadan coci, tasa ta ƙare. Yanzu yana cin miyar kabeji kwano biyu. Ni da Inna an gwada mu, ba a samu komai ba, Inna ta ce ciwon ne ya ji tsoronta. An ce nan gaba in tafasa madara kafin in yi cuku. Ban san ko zai yi ɗanɗanon na Inna ba, amma rigakafi ya fi magani.

Ki gaishe min da Valdemar, ki ce Abílio yana tambayarsa. Ki gaida ɗanki Tomé, ki gaida Lurdes da mijinta, ki riƙe min hannunta ki ce ina yi mata addu'a safe da yamma. Inna tana gaishe ku, ta ce a daina sayen burodin kanti. Ermelinda ma ta ce in gaishe ki. Da zarar kun ji sakamakon gwajin ki kira ni, ko wane lokaci ne, in layi ya ƙi ki kira gidan Fulgêncio, wayarsu ta fi kamawa.

Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Yayarki Graciete.