Rasuwar Malam Hassumi Gidaɗo Kafin Zaman Munaƙasharsa

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Ɗaliban Hausawa Mazauna Alƙahira ta samu labarin rasuwar dattijonta kuma tsohon shugabanta, Malam Hassumi Gidaɗo na Tawa, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Litinin a gidansa da ke unguwar Dokki, bayan gajeriyar jinya. An yi jana'izarsa a nan Masar.

Marigayin ya zo ƙasar nan a 1971 domin karatun shari'a, ya shugabanci ƙungiyar a shekarun da ba mai son shugabancinta, kuma da wuya a samu ɗalibin da bai raka shi Wustul Balad, wato tsakiyar birni, neman iƙama, takardar izinin zama, ba. Sauran rayuwarsa ya ba da ita ga mutum guda, wanda a kansa ya rubuta kundin digirinsa na dakta: wani ɗan siyasa kuma alƙali na ƙasar Suwizalan da ya rayu a ƙarni na sha tara, wanda yawancinmu ba mu taɓa iya faɗin sunansa daidai ba, muka riƙa ce masa Alƙalin Hassumi. Duk wanda ya sha shayi a gidan ya san cewa alƙalin ɗan makiyayi ne, ya shiga majalisar lardinsu, ya faɗi zaɓe, ya koma kotu, ya yi shekara talatin yana yanke hukunci kan iyakar gona da ruwan ban-ruwa. Mun saurara, wasunmu don ladabi.

Ƙungiya na sanar da jama'a cewa an riga an sa ranar Alhamis mai zuwa domin munaƙashar marigayin, wato zaman da ɗalibi ke kare kundin digirinsa na dakta a bainar jama'a. An kama zaure, an raba katin gayyata, an yi odar lemon sharbat. Mun roƙi jami'a ta duba kundin duk da haka, aka amsa mana da ma'alish, wato sai haƙuri: doka ba ta san ɗalibin da ba zai iya amsa tambaya ba. Ba za a ba shi digirin ba.

Uwargidansa, Malama Lailatu, wadda ta buga kowane shafi na kundin da tafureta, ta ƙi yarda a soke zaman. Saboda haka za a karɓi gaisuwa a zauren, bayan la'asar, kuma ita za ta karanta taƙaitaccen bayanin da ya shirya. Ɗaya daga cikin shehunan malaman da aka naɗa su jarraba shi ya ce zai zo, zai zauna cikin jama'a.

Muna roƙon Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya ba Malama Lailatu da 'ya'yansu, Dije da Hadi, da dangi na Tawa haƙurin wannan rashi. Ana roƙon mahalarta su saurara har ƙarshe. Ba za a yi tambayoyi ba.

Azara Sulaimanu
Sakatariyar Watsa Labarai
Alƙahira, Maris 1984