Ƙwayar da Aka Hana Rabi

Yaya Salisu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali? Mu nan Malanville lahiya lau, sai ciwon nonon ƙanwarmu Rabi.

Na dawo daga asibiti a Parakou kaina a ɗaure. Maƙwabciyarmu mai irin wannan ciwon, ƙwaya take sha, amma lokotoro, wato likita, ya hana Rabi. Wai kumburin maƙwabciyar yana da makama, sinadarin jikin mace ya kama nan, saƙo ya shiga ciki cewa ya girma. Ƙwayar ke toshe makamar. Na Rabi ba ya da ita.

Na ce, "To wa ke ce ma nata ya girma?" Ya ce wata hanya ce daban, shi ya sa ita sai ƙarin ruwan magani.

Rabi na ta tambayata ko rashin makamar alheri ne. Wallahi ban san amsa ba.

Ku sa ta a addu'a. Ka gaida Hajara da yara.

Ƙanwarka,
Hadiza