Kafso Biyu-Biyu da Ƙafar Baffa

Zuwa ga Alhaji, shugaban masu sayar da magani a kasuwannin yankinmu.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, da fatan iyali da kasuwa suna lafiya.

Sunana Hassi, malamar firamare a Kambaza. Daga bakin gadon mahaifina a asibiti nake rubuto maka. Baffa muke ce masa, makiyayi ne, ya doshi saba'in. Likita ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: idan allurar da ake yi masa yanzu ba ta ci ba, za a yanke masa ƙafar dama daga gwiwa, domin babu wani magani bayanta.

Da farkon damina turken shanu ya tsaga masa ƙauri. Ya yi abin da kowa ke yi a wajenmu. Ya je kasuwar Gwandu aka ba shi kafso ja-da-rawaya guda biyu, ya fasa ɗaya ya barbaɗa a ciwon, ya haɗiye ɗaya. Da ciwo ya yi ruwa ya koma, aka canza masa kala, nan ma biyu. Sau huɗu ana haka, ba wanda ya ce masa tafi asibiti. Sai da wari ya hana shi shiga sahu a masallaci muka kawo shi Birnin Kebbi.

Aka ɗebi ruwan ciwon aka auna. Takardar ta fito da jerin sunayen magunguna, likita yana bi da biro yana nuna mini waɗanda ƙwayar cutar ba ta jin su. Duka ya bi, ya bar ɗaya tal a ƙasa, wato allurar da ake yi masa yanzu, ita ma mai taɓa ƙoda ce, shi ya sa kullum ake auna fitsarin Baffa. Ya ce ba jikin mutum ne ke sabawa da magani ba, ƙwayar cutar ce. Idan an taɓa ta ba a kashe ta ba, sai ta yi tauri, ta bi hannu, ta bi ruwa, ta bi kashin dabbobi ta shiga gidan wani. A gadon da ke kusa akwai wani masunci daga Wurogauri wanda ƙayar kifi ta soke shi. Bai taɓa ganin Baffa ba, amma takardarsa kusan irin tamu ce.

Ga kukana, ranka ya daɗe.

Na farko, sayar da kafso biyu-biyu. Mutanenka suna yanka katin magani da almakashi kamar masu sayar da goro, ba takardar likita, ba tambayar me ke damunka. Na san abin da za su ce: talaka ne, abin da ya iya saye ke nan. Haba Alhaji! Wannan tausayin ne ya kawo mu nan.

Na biyu, allurar shanu. Duk shekara kafin a fita kiwon damina Baffa kan sayi kwalba ya bi garke yana tsira wa mai lafiya da marar lafiya, wai rigakafi. Da safe a tatsa, mu dama fura, Inna ta kai saura kasuwar Kalgo. Shekara da shekaru ba mai shagon da ya taɓa ce masa a dakata da shan nonon.

Na uku kuwa nawa ne, ba zan ɓoye ba. Ni ce 'yar boko a gidanmu. Ina da gwangwanin madara da nake tara ragowar kafso a ciki, duk wanda ya ji sauƙi ya bar nasa sai in adana. Maƙwabta na zuwa, ina ba su ina jin kaina mai taimako. Wallahi duk lokacin da aka buɗe ƙafar Baffa za a wanke, gwangwanin nan nake gani. Na kawo shi na miƙa wa ma'aikatan asibiti.

Ba na neman a rufe shagon kowa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da nake roƙo shi ne ka tara mutanenka ka hana yanka kati. Wanda ya zo da ciwo mai ruwa a tura shi asibiti tun ranar farko. Mai sayen allurar dabbobi kuma a haɗa shi da malamin dabbobi. Suna jin maganarka fiye da tawa.

Jiya ƙanena ya zo zai koma gida da kayan Baffa. Tsohon ya ce a bar masa takalmansa na kiwo ƙarƙashin gado, duka biyun. Suna nan ina kallonsu, sai jibi likita zai faɗa mana ko zai sake sa na dama.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a kasuwarka, ya tsare ka da ganin naka a irin wannan gado.

Wassalam.
Hassi, 'yar Baffa, Kambaza.