Kwanon da Aka Ara wa Ajinmu Kwana Ɗaya

Zuwa ga Baba Alhaji, Shugaban Ƙungiyar Ci Gaban Garinmu, tare da dattawan ƙungiya baki ɗaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba, ina miƙo gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifinta. Yaya gida, yaya su Hajiya, yaya ƙafar da aka ce tana damunka? Allah ya ƙara sauƙi, ya ja kwana.

Ni ce Rabi'atu, 'yar Malam Sani mai gyaran babur. Ina ajin ƙarshe a sakandaren jeka-ka-dawo ta garinmu, wadda ke gefen hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi. Sau uku ina zuwa zaurenka da wannan magana a bakina. Duk zuwan, in na durƙusa na gaishe ka, ka ce "Rabi, ya karatu?" sai in ce lafiya lau, in tashi in tafi gida ina jin haushin kaina. Bakina ba ya iya magana gaban manya, hannuna ya ɗan fi shi. Shi ya sa na rubuta, na ba yayata da ke aure a Dutsin-Ma ta saka inda jama'a za su gani. Ka yafe mini fitar da ita fili, amma abin da ya jawo ta a fili aka yi shi, gari guda ya sa hannu.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Shugaban makaranta ya gaya mana cewa in har damina ta faɗi ajinmu da na kusa da shi ba su da rufi, ba za a bari mu rubuta jarrabawar fita a makarantarmu ba, sai dai a kai mu Dutsin-Ma. Babana kuwa ya riga ya ce, da yadda hanya take a yanzu, ba zai riƙa ɗora ni a babur safe da yamma har makonni ba. Ban ga laifinsa ba. Iyayen ƙawayena da yawa haka suka ce. Ke nan in babu rufi babu jarrabawa, shekara shida ta tafi a banza.

Na ɗaya, bari in tuna maka yadda aka yi, ko da yake ka fi ni sani.

Iskar farkon daminar bara ce ta yaye kwanon ajinmu da na kusa da shi, ta bar katakon a tsaye. Da rani ni ban ma ƙi abin ba sosai, don ina son kallon sama, har Malama Binta ta sha buga tebur ta ce in dawo duniya. Amma da damina sai wanda ya gani. Hadari na haɗowa, sai a ce kowa ya kwashi littattafansa. Wani lokaci mu cusu a ajin 'yan ƙasa da mu, mu tsaya a baya kamar masu jiran rabon abinci, wani lokaci a sallame mu kawai. Littafina na lissafi sau biyu ina shanya shi a kan dangar Inna. Shugaban makaranta ya yi ta rubuta takarda yana kaiwa, har Allah ya sa bayan kaka aka aiko cewa masu duba makarantu za su zo su gani da idonsu, su rubuta waɗanda za a gyara.

Ranar da labarin ya iso, mu ɗalibai har guɗa aka yi. Sai muka ji mai shela yana zagaya gari, wai ƙungiya ta kira gayya a makaranta. Na ce a raina, to, yau garinmu ya tashi. Ashe gayyar ɓoyewa ce.

Da idona na ga an ɗauko sabon kwano daga ɗakin ajiyar waken da kake ginawa, aka jera shi a kan katakon ajinmu. Ƙusa 'yar kaɗan aka buga, don kada a ɓata shi da huji, sauran aka danne da duwatsu ta bayan gini inda ba a gani. An kwaso bencina daga Islamiyya, wasu kuma aka aro daga wata firamare ta wajen Kurfi, shanu suka jawo su a amalanke. An shafe bango da farar ƙasa har inda ruwa ya ci. Masu yagaggen hijabi aka ce su zauna can baya. Shugaban makaranta ya ja ka gefe ya yi maka magana a hankali, muna share-share muna ji. Ka ce masa shi baƙo ne, gobe a canja shi, ku ne za ku zauna da abin kunya. Ka ce ba za a taso daga birni a zo a ga tsiraicin garinmu ba, a koma ana cewa ba mu da manya.

Baba, mutanen nan tsiraicin suka zo gani. Aikinsu ke nan. Ban taɓa jin wanda ya je asibiti ya rufe ciwonsa da sabuwar riga don kada likita ya raina shi ba.

Suka zo, aka tarbe su da waina da kaji, matan rugar bayan gari suka kawo fura da nono mai kyau. Hajiyar da ta jagorance su ta shiga ajinmu, ta ɗaga kai ta ga kwano yana ƙyalli. Ta ce masha Allah, ashe garin nan kun iya taimakon kanku, da ma kowane gari haka yake. Ta juya ta dubi shugaban makaranta irin kallon da ake yi wa mai ƙarin gishiri. Bawan Allah ya sunkuyar da kai. Aka sa musu wake da zabi a bayan mota, suka tafi. Washegari kafin mu gama taron safe an fara sauke kwano, ƙawata Zinatu ta ce mu yi masa rakiya mana, ai baƙo ne, kwana ɗaya ya yi mana.

Na biyu, ba zan ɓoye nawa laifin ba, don shi ya fi ci mini rai.

Ni aka zaɓa in karanta jawabin maraba, saboda ina karatu ba gargada. Da na gama, Hajiya ta riƙe hannuna, ta ce, "'Yata, gaya mini gaskiya, akwai abin da ke damunku a makarantar nan?" Kana zaune a kujerar gaba. Babana yana bayanka. Duk dattawan da ke gaisawa da Inna suna kallona. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Babu komai, Hajiya."

Zan faɗi wautata, ko za a yi mini dariya. Ina karanta littattafan soyayya, Inna ta sani, Malama Binta ma ta ƙwace mini guda biyu. A cikinsu, in yarinya ta sunkuyar da kai ta ce babu komai, nan take ake gane akwai komai. Wani zai lura da idonta, ya bi ta a baya, ya bincika har ya gano. Wallahi na ɗauka haka Hajiya za ta yi. Na yi kwanaki ina jiran in ga motarsu ta juyo. Ita kuwa baiwar Allah abin da na faɗa ta rubuta a takardarta, ta rufe, ta sa a jaka. Me za ta rubuta in ba shi ba? An nuna mata rufi, an nuna mata benci, ta tambayi ɗaliba, ɗaliba ta ce babu.

Da jerin makarantun da za a gyara ya fito, babu tamu. Akwai ta garin da muka aro bencina a wurinsu, don su ranar da aka je musu ba su ɓoye komai ba, har bangon da ya tsage suka kai baƙi suka nuna. Yanzu ana aiki a can, masu zuwa kasuwa suna ba da labari.

Na uku, kuma shi ne abin da ya sa na kasa ci gaba da shiru.

Makon jiya a wajen sunan gidan Malam Idi, muna rabon goro ta cikin gida muna jiyo ku a ƙofa. Ka ce gwamnati ta manta da garinmu. Ka ce don ba mu da wani babba a sama, shi ya sa aka tsallake mu aka yi wa maƙwabta. Dattawa suka yi ta cewa haka ne, ranka ya daɗe, mu dai ranar zaɓe kawai ake saninmu. Baba, na kusa sakin tiren goron. Waɗanda ke cewa haka ne ɗin, su ne suka hau tsani suka jera kwanon. Wanda ya fi ɗaga murya shi ya kora shanun amalanken.

Ban ce gwamnati ba ta da laifi a wasu abubuwa ba. Fanfon unguwarmu ya daɗe da mutuwa, kuma shi ba wanda ya ɓoye shi. Amma a wannan karon ta aiko, ta tambaya, mu muka ba ta amsa. Ina za ta samo wata amsar? A darasin zama ɗan ƙasa nagari, Malama Binta ta sa mun haddace nauyin da ke kanmu: bin doka, yin zaɓe, kula da kayan gwamnati. Na rubuta su a jarrabawa na ci. Amma ba ta taɓa gaya mana cewa faɗin gaskiya ga wanda aka aiko ya tambaya yana ciki ba, kuma yanzu ina ganin ya fi sauran wuya. Zaɓe a ɓoye ake yi, ba mai ganin inda ka dangwala. Wannan kuwa gaban Baba Alhaji ake yin sa.

Na san ba mugunta ce ta sa ku ba. Mu nan haka aka tashe mu: in baƙo zai zo, a ari tabarma mai kyau, a yanka kaza ko da ita kaɗai ce a gidan, kada a bari ya ga rashinmu. Inna ma haka take yi, ni ma haka zan yi in na yi nawa gidan. Amma baƙon da ya zo gaisuwa daban, wanda ya zo da takarda da biro yana tambayar ina ke yi muku ciwo daban. Kun kare mutuncin gari na yini ɗaya, mu kuma aka bar mu da rana da ruwa. Ku da kuka yi gayyar, babu wanda zai rubuta jarrabawar nan a cikinku.

Saboda haka, cikin ladabi, ga roƙona.

Ina roƙon ƙungiya ta rubuta wa masu duba makarantu takarda, da sa hannunka, ta faɗi abin da aka yi ranar, ta ce kwanon aro ne kuma an sauke shi. Na san zai yi nauyi. Amma ta haka ne kaɗai za a wanke shugaban makarantarmu, wanda har yau ake yi wa kallon maƙaryaci a ofis alhali gaskiya ya rubuta. In an ce a dawo a duba, don Allah kada a yi shela, kada a dafa komai. A bar su su same mu yadda muke.

In kuma Allah ya sa wannan takarda ta kai ga idon Hajiyar da ta riƙe hannuna, ina neman gafararta. Ƙarya na yi mata. Akwai komai.

Sannan ko gwamnati ta dawo ko ba ta dawo ba, damina ba za ta jira takarda ba. Na ga garinmu ya rufe aji biyu tsakanin hantsi da la'asar. Da ban gani ba, da sai in yarda ba za mu iya ba. Masu tsani suna nan, masu amalanke suna nan, kafintan da ya buga ƙusa 'yar kaɗan yana nan, kuma ya ce da babana shi ko yau aka kira shi zai buga sauran ba sai an ba shi komai ba. Ban ce ka ba da kwanon ɗakin wakenka kai kaɗai ba. Ka sa a yi shela irin waccan, kowane gida ya kawo abin da ya samu, ko falle ɗaya ne. In kai ka faɗa za a ji, ai mun gani.

Baba, babana bai san na rubuta wannan ba. In akwai faɗa, ni za a yi wa, kada a daina kai masa gyara saboda ni. Ta ƙofar zaurenka hanyata take, kuma Zinatu ta ce daga yau sai dai in canja hanyar makaranta. Ba zan canja ba. Zan zo in durƙusa in gaishe ka kamar kullum.

Shekaranjiya gabas ta yi duhu, har an yi yayyafi ƙasa ta yi ƙamshi. Manoma sun fara gyaran gona. In har ruwan farko ya sauko ajinmu yana nan a buɗe, ina gayyatarka da dattawan ƙungiya ku zo ku zauna tare da mu darasi ɗaya kawai. Wurin zamana na uku ne daga taga, zan tashi in ba ka.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon yin abin da zai zame maka alheri gobe kiyama. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da garinmu da hanyoyinmu lafiya, ya ba mu sa'ar jarrabawa, mu da duk wanda ke jiran ta.

Wassalamu alaikum.

'Yarka,
Rabi'atu, ajin da ba rufi.