Dokar Teku Ta Kashe Mana Kifin Kogi

Zuwa ga Shugaban kwamitin haɗin gwiwar ƙasashe kan binciken teku da dokar kamun kifi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan aiki na tafiya lafiya.

Ni masunci ne daga Farin Dutse a Gwaram. Ban taɓa ganin teku ba, amma takardarku ta iso har bakin koginmu, kuma ta ci mu. Da ɓacin rai nake wannan rubutu, ba zan ɓoye maka ba.

Na ɗaya. Mun gaji wata ƙa'ida tun kakanni. Idan ruwan farko ya sauko kifaye irin su jawur, tarwaɗa da karfasa kan hau gaɓa su zuba ƙwai. A ranar ne Sarkin Ruwa yake kafa sanda da ɗanyen ganye a mashaya, kuma ko yunwa za ta kashe mutum ba ya jefa koma sai an cire sandar. Da rani muke kamu, lokacin da kogi ya yanke ya bar gurabe, domin kifin da ke ciki ko ba mu taɓa shi ba rana za ta kashe shi.

Na biyu. Bara wani jami'i ya zo daga Birnin Kudu da dokar da aka ce masananku suka tsara bisa lokacin da kifin teku yake ƙwai. Watannin hani suka faɗa cikin raninmu, damina kuma aka buɗe ta ga duk mai katin izinin kamu. Mun yi masa bayani, ya nuna mana hatimi. To, kifinmu dai bai iya karatu ba, bai sauya lokacinsa ba.

Ina tsaye gurbin da mahaifina ya koya mini kamun kifi ya ƙafe, kifi ya ruɓe a taɓo, shirwa da karnuka suka yi biki. Da na kasa daurewa na shiga, aka ƙwace komata, har yau tana ofis. Matata mai banda ce, bana ko sau ɗaya ba ta hura wuta a murhun ba.

Na uku, kuma shi ya fi tsorata ni. Da damina wasu baƙi suka zo da katinsu da gidan sauro a matsayin taru, suka tuge sandar Sarkin Ruwa, suka kwashe uwa da ƙwai. Dattawa suka danne matasanmu da ƙyar. Yanzu hadari ya fara haɗuwa a gabas, baƙin sun aiko za su dawo, matasa kuma sun rantse ba wanda zai sake taɓa sandar. Ina tsoron a zubar da jini a kan kifi.

Ba mu raina ilimin masananku ba, mu ma so muke kifi ya wanzu. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Roƙona: a dakatar da katin damina kafin ruwan farko, a maido mini da komata, a turo masani ɗaya ya zauna da Sarkin Ruwa ya ji. Idan an makara, ni ma ɗana yana cikin waɗanda suka rantse, kuma na kasa hana shi.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa ka karanta wannan kafin ruwa ya sauko.

Wassalam.

Masunci daga Farin Dutse, Gwaram.