Kaji a Tirelata

Ƙanena Bahauddeen,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Usaina da yara, yaya unguwar Bukan Sidi? Ni lafiya lau nake gadina a Fatakwal, sai dai ruwan sama da ke taya ni kwana a ɗaki.

Na ga hoton sunan jaririnku, Allah ya raya. A bayanku na hango tsohuwar tirelar kwanan da na yi wa daɓen katako da fenti da hannuna, don in na dawo in huta ciki. Kullum a waya kana cewa tana lulluɓe da tamfol. Kaji na gani suna leƙe ta taga.

Da ka roƙa, da na ba ka. Yanzu sai ka roƙar mini zakaran ya ɗan matsa mini.

Yayanka,
Ibrahima