Kun Gargaɗe Ni a Kan Birai, Ba Ku Tambayi Fasfona Ba

Zuwa ga Alhaji Sabi'u Ɗanlami,
Mai kamfanin shirya tafiye-tafiye na Sauƙi,
Silver Spring, Maryland.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Na rubuto maka a fili ne saboda duk haɗuwarmu a masallaci sai ka riga ni russunawa, ka tambayi ciwon gwiwata, maganar da na zo da ita ta mutu a nan.

A watan Mayu na zo ofishinka na shaida maka cewa 'yata Rukayya, da ke aure a Gaborone ta ƙasar Botswana, ta kusa haihuwar fari, kuma ta ce ni take so in raɗa sunan. Ka yanka mana tikitin watan Yuli, ni da matata Hajiya, ka haɗa mana da takardar bayani mai shafi huɗu. A kanta nake son yin magana.

1. Takardar nan ta yi ƙoƙari, dole in yaba. Ta gaya mini a Yuli sanyi ake yi a can, in ɗauki rigar sanyi. Ta ce a hagu suke tuƙi, kuɗinsu pula, soket ɗinsu ba irin na nan ba ne. Ta kuma ja kunnena kada in ciyar da birai. Shekarata sittin da uku ban taɓa niyyar ciyar da biri ba, amma na gode da aka tuna mini.

2. A kan biza layi ɗaya ta rubuta, wai Amurkawa ba sa buƙata. Gaskiya ne kuwa. Hajiya ta daɗe da zama 'yar ƙasar Amurka. Ni ne dai shekara ashirin da biyu ina Beltsville da katin zama da koren fasfona na Najeriya. Rukayya ta sauka ranar Alhamis, namiji. Ranar Asabar muka isa filin jirgin Dulles da akwati huɗu. Ma'aikaciyar kamfanin jirgin ta juya fasfona shafi-shafi, ta nemi biza, babu. Ta ba ni haƙuri cikin ladabi, ta miƙa wa Hajiya nata katin shiga jirgi. Matata ta wuce Afirka a matsayin Ba'amurkiya, ni ɗan Afirkan na koma gida in nemi izini.

3. Na san abin da ya hana ka tambaya, kuma shi ya fi ba ni haushi. A cikinmu ba a tambayar mutum takardunsa. Za mu tambaye shi gida da aiki da gajiya har da kwanan yara, amma wane fasfo yake riƙe da shi, wannan sai ka ce zagi. Ka ga furfurata, ka ji nauyi, ka karɓi sunayenmu da ranakun haihuwa, ka bar sauran. Tarbiyya ce mai kyau, Alhaji. Sai dai kai aikinka ke nan. Likita ma yana ganin girmana, amma yakan ce in tuɓe riga.

4. Ba zan ɗora maka duka ba. Na karanta layin nan, na ga Amurkawa, na lissafa kaina a ciki, ni da na ƙi rantsuwar zama ɗan ƙasa don taurin kai. Na kuma ɗauka baƙar fata mai zuwa Afirka gida zai je. Laifina ne, kuma Hajiya tana tuna mini shi kullum, ba ta buƙatar taimako.

5. Da ka tambaya a Mayu, akwai isasshen lokacin neman biza. Daga Asabar zuwa Alhamis kuwa babu, kuma suna ba ya jiran kowa. Wani maƙwabcin surukina, wanda ban taɓa gani ba, shi ya raɗa. A waya na kalla, ina zaune a kicin. Sai da ya faɗi sunan na ji ashe ni aka yi wa takwara, Rukayya ta ɓoye ne don sai ranar ta gaya mini, ya fito daga bakina. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Ba kuɗin tikiti nake nema ba. Roƙona biyu ne. Ka sa tambayar fasfo a layin farko na takardarka, birai su koma ƙasa kaɗan. Sannan ka riƙa yin ta da bakinka ga kowa, dattijo ne, likita ne, limaminmu ne. Wanda ya ji haushi zai huce kafin ya kai mota.

Bizata ta fito yanzu, zan je in ga yaron, an ce har ya fara murmushi.

Allah ya buɗa maka kasuwa, ya raya maka zuri'a. Allah ya nuna maka jikanka na fari, kuma ranar sunansa ya sa kana tsakar gidan da ƙafarka.

Wassalam.

Naka,
Habibu Garba Rano,
Beltsville, Maryland.